Wa Zai Biya Tsohuwar Lotsewa?

Bayan sulhun da aka yi a ƙasar Birnin Gwari a ƙarshen 2024, motoci suka soma komawa kan hanyar Funtua da ta Kaduna, waɗanda shekaru da yawa ba a bin su sai da fargaba. Inda motoci suka yi yawa kuwa, ba a rasa karo. Wata matsala ta zo gabanmu ta wannan hanya, muna so mu sa ta a gaban masu-karatu, gama abin da ya sami ɗaya yau ya iya samun wani gobe.

Wani ɗan'uwa a nan Tsohon Birnin Gwari yana da a-kori-kura, da ita ya ke kai masara kasuwa. Ran nan wata ƙaramar mota ta buge shi ta baya, ta fasa fitila, ta lanƙwasa bamba. Ba wanda ya ji ciwo. Mai ƙaramar motar bai yi gardama ba, ya fito da takardarsa ta inshora, ta gaske ce kuwa, ba irin wadda a ke saya a bakin titi domin a nuna wa ɗan sanda ba.

Ga yadda abin ya ke. Tun 1945 akwai doka a ƙasar nan cewa kowane mai mota ya yi inshora saboda mutumin da zai yi wa ɓarna. Ba motarsa ta ke gyarawa ba, ta wanda ya buge ce. A farkon 2023 hukumar NAICOM, mai lura da kamfanonin inshora, ta mai da kuɗin ƙaramar mota naira 15,000 a shekara maimakon 5,000, kamfani kuma ya biya ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma kamfani ba ya biya da baki. Sai an kai rahoton 'yan sanda, da hotuna, da takardar mai gyara wadda ta nuna abin da ya lalace da kuɗinsa.

Ɗan'uwan nan ya kai motarsa gareji wurin mai buga jikin mota. Mutumin ya zagaya ta, ya tsaya a ƙofar hagu inda akwai wata lotsewa tun ta bara, wadda kututture ya yi mata a gona. Ya ce, "Baba, bari in haɗa da wannan a takarda. Su wa za su sani? Ko nawa na rubuta ma sai sun rage. In ba ka ɗora ba, kai za ka yi hasara."

Kada mu yi saurin tsine wa mai gyaran. Ba domin aljihunsa kaɗai ya faɗi haka ba, taimako ya ke nufi. Maganarsa kuma tana da ƙarfi, domin dukanmu mun san ciniki. Mai akuya ya kan faɗi kuɗin da ya san ba za a ba shi ba, mai saye ya taya abin da ya san za a ce masa albarka, ba kuwa wanda ya kira su maƙaryata. To, me ya raba wannan da wancan?

Mun daɗe muna juya tambayan nan, ga inda muka tsaya. A kasuwa akuya tana tsaye a tsakaninsu. Mai saye ya duba haƙoranta, ya taɓa bayanta, abin da su ke ja a kai daraja ce kawai. Takardar mai gyara kuwa ba tayi ba ce, shaida ce. Cewa ta ke yi, ran kaza mota kaza ta yi ɓarna kaza. In an yi jayayya a kan kuɗin fenti ko ladan aiki, wannan ciniki ne, ɗan'uwa ya ja iyakar ƙarfinsa. Amma sa'anda aka rubuta cewa ƙaramar mota ce ta lotsa ƙofar da kututture ya lotsa, an yi shaidar zur, an kuma ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Ko a Shari'ar Musa, cikin Fitowa sura 21 da 22, ɓarawo ne a ke sa ya biya ninki. Wanda ya bar rami a buɗe dabbar wani ta faɗa, abin da ya ɓata shi ya ke biya. Mai ƙaramar motar nan ba ɓarawo ba ne.

Waɗansu za su ce, ai ba shi zai biya ba, kamfani ne, kamfani kuwa ba ya jin zafi. Amma daga ina kamfani ya sami kuɗin? Daga dubu goma sha biyar ɗin malamin makaranta, da na ma'aikaciyar asibiti, da na kowa. Inshora 'yar'uwar adashi ce, sai dai a adashi kowa yana da ranar ɗauka, a nan kuwa wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ke ɗauka. Wace mace ce za ta kwashi fiye da rabonta a adashi, ta ce ai uwar adashi mai kuɗi ce? Kowace takardar ƙarya kuma tana koya wa kamfani ya yi shakkar ta gaskiya, har mai gaskiya na gaba ya sha wuya a banza.

Ba mu wanke kamfanonin ba. Ɗan'uwan nan ya yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna, yau a ce babu wannan takarda, gobe a ce mai dubawa bai zo ba, mota tana zaune a gareji, lokacin kaka yana wucewa. Wanda ya karɓi kuɗin mutane da sauri, ya yi nawa wajen biya, shi ma yana da abin da zai amsa. Akwai ofishin kai ƙara a NAICOM saboda irin wannan, mun kuwa ce masa in jinkiri ya yi yawa ya rubuta musu, kada ya ji kunya. Neman hakki ba rashin haƙuri ba ne.

Da ya zo neman shawara, shawara ɗaya muka ba shi: mai gyara ya rubuta takarda biyu. Ɗaya ta fitila da bamba, a kai wa kamfani. Ɗaya ta ƙofa, ya ajiye a gida. Mai gyaran ya yi dariya, ya ce tun da ya ke sana'a bai taɓa ganin wanda aka miƙa wa nama ya ce romo ya ishe shi ba. Duk da haka ya rubuta.

Kamfani ya biya daga baya, ya kuma rage wani abu a kan kuɗin fenti, kamar yadda mai gyaran ya faɗa. Ɗan'uwa ya cika sauran daga aljihunsa. Ƙofar hagu tana nan da lotsewarta, ya ce sai ya sayar da waken soya.