Rangwame da Tayi: Ina Iyakar Tsimi?

Ya 'yan'uwa matasa, tsimi ba rowa ba ne. Wanda ya jira kantin Melcom ya yi rangwame kafin ya sayi shinkafa da mai bai zalunci kowa ba. Kamfani ya gama lissafinsa kafin ya rage.

Amma ku dubi mai tumatir a kasuwar Nima da yamma. Mun ga kayanta sun fara laushi, sai mu taya sidi biyar a kayan sidi goma, mu juya baya. Aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta sharɗanta yardar juna a ciniki. To, wadda ta ce "albarka" sau uku, sannan ta sallama don tsoron asara, ta yarda ke nan? A ganina, daga tukunyar 'ya'yanta muka ɗebi ragin nan.