Hali Ba Abin Kallo Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa ahalin zikiri, a wani zikirin Juma'a a Azagor, cikin ƙasar Dakoro, hali ya rinjayi wani saurayi makiyayi. Ana tsakar hailala ya yi ƙara ya faɗi. Wani ya ɗauke shi da waya, kafin isha hoton ya kewaya WhatsApp. Wasu suka ce bori ne, wasu suka ce farfaɗiya, wani ɗalibi da ya dawo hutu daga Maraɗi ya ce ai irin abin da ya gani ne a Dune. Saurayin ya yi Juma'a uku bai leƙo zawiya ba saboda kunya. Tambayata ita ce: ido yana da ikon yin hukunci a kan abin da ke gudana cikin zuciya?

Dune littafin almarar kimiyya ne da Ba'amurke Frank Herbert ya fitar a 1965, aka mai da shi shirin talabijin a 2000. Marubucin ya ari kalmominmu irin su Mahadi da jihadi ya ɗora wa mutanen wata hamada a wata duniya. Jarumin ya sha wani ruwa mai guba, ya suma, ya farfaɗo yana hango abin da zai faru nan gaba, ya ja runduna ya karɓi mulki. A wannan labari fita daga hayyaci abu ne da ake sha, ribarsa kuma sanin gaibu da sarauta. Wanda a nan ya fara koyon ma'anar suma, da me zai fassara faɗuwar mai zikiri?

Kuskuren ya girmi talabijin. Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki 'yan Hauka, 'yan ci-rani daga Nijar, a wajen birnin Akara, ya fitar da fim a 1955. Turawan Ingila suka hana nuna shi a ƙasar da a yau ake kira Gana, ɗaliban Afirka da suka kalla a Faris kuma suka fusata, suna ganin an tozarta baƙar fata. Hauka ba hanyarmu ba ce, reshe ce ta shigar iskoki. Amma darasin ya shafe mu: na'ura kumfar baki da karkarwar jiki kawai take kamawa, kowane mai kallo kuma da nasa zato yake cike gurbin da ya rage.

Magabatanmu sun daɗe da tsefe wannan al'amari. Imamu Ƙushairi a Risalarsa ya bambanta tawajudi, wato mutum ya nemi halin da ƙoƙarinsa, da wajdi, wanda ke sauko wa zuciya ba tare da an kira shi ba. Ya kuma yi bayanin sukuru da sahawu, maye da wartsakewa. Imamu Gazali ya keɓe babi guda a Ihya'u a kan ladubban sauraro da wajdi. Imamu Junaidu na Bagadaza, shugaban mutanen wannan hanya, ya fifita wartsakewa a kan maye. A Suratul A'arafi, aya ta 143, an ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya faɗi sumamme sa'ad da Ubangijinsa ya yi tajalli ga dutse. Abin lura shi ne da ya farfaɗo, tasbihi ya yi da tuba. Bai fito da da'awa ba.

Ma'auninmu ke nan. Ba a auna hali lokacin faɗuwa, sai bayan tashi. Ɗan bori yana kiran iska ta hau shi, a tambaye ta magani ko sa'a, a ba ta tukuici. Jarumin fim ya tashi da kambin sarauta. Muridi na gaskiya kuwa yakan tashi ya sake alwala, ya rama sallar da ta kuɓuce masa, ya ƙara jin kunyar Allah, ya fi da tausayin iyalinsa da dabbobinsa. Duk halin da ya haifar da girman kai, ko sakaci da salla, ko da'awar sanin gaibu, a kai shi gaban muƙaddami a duba, ko da mai shi ya yi kuka har ya shiɗe.

Wani zai ce: to idan ba a iya ganewa da ido, ba ƙofa muka buɗe wa masu riya ba? Gaskiya ne akwai mai faɗuwa don a gan shi, kuma waya ta ƙara wa wannan cuta taki. Sai dai maganinta na hannun shehin tarbiyya da ya san almajirinsa shekara da shekaru, ba na hannun wanda ya kalli hoton daƙiƙa talatin ba. Mai munana zato ga mai gaskiya ya ɗauki alhaki, Suratul Hujurati kuwa ta gargaɗe mu a kan yawan zato da izgili.

Saura mu waiwayi kanmu. Wanda ya ɗauki hoton nan ba baƙo ba ne, ɗan'uwa ne da ke zaune cikin halƙa, kuma da nufin alheri ya yi, wai a ga albarkar zikiri. Amma wanda hali ya rinjaya kamar mai barci ne da mayafinsa ya zame. Haƙƙinsa a kanka ka rufe shi. In kun ga ɗan'uwa ya faɗi, ku tare shi kada ya ji ciwo, ku mayar da waya aljihu, ku ci gaba da hailala. Wanda hoton ya iso wayarsa ya goge, kada ya tura gaba.

Muƙaddaminmu da kansa ya taka har rijiyar da saurayin nan ke shayar da dabbobi, ya riƙo hannunsa suka dawo zawiya tare. Wanda ya ɗauki hoton ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya kuwa yafe.

Allah Ya azurta mu da ladabi a zahiri da baɗini, Ya suturta mu kamar yadda muka suturta 'yan'uwanmu, albarkar Annabi Sallallahu Alaihi Wasallama. Amin.