Alhaji, Ajwa da Ciwon Suga

A Dutse ba a yi wa mutum bayanin dabino. A garin cibiyar NIFOR ta kafa tasharta ta binciken dabino, kuma wanda ya taɓa cin kasuwar Shuwarin ya ga yadda ake auna shi da kwano. Don haka ba ƙaramar magana ba ce likita ya dubi dattijo daga Garu ya ce masa, "Baba, suganka ya hau. A rage tuwo da shinkafa da burodi, dabino kuma sai da lissafi."

A gida da sauƙi. Uwargida ta ƙara miya, ta kwaɗa zogale, ta dafa ƙwai, malmalar tuwo ta koma ɗan dunƙule. Wuyar tana somawa ranar da jirgin alhazai ya ɗaga daga filin jirgin Dutse.

Saudiyya ƙasar shinkafa ce da gurasa: kabsa, mandi, bukhari, da safe kuma tamis mai zafi da shayi mai zaƙi. Masu tsarin rage sitaci kan tsaya ƙasa da gram 130 a yini, alhali gram 100 na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kusan 28. Faranti ɗaya na kabsa ya kusa cinye rabon yinin. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1863 wani mai sana'ar jana'iza a Landan, William Banting, ya yayata shi. Sai dai shi Banting babu wanda ya taɓa miƙo masa dabino a masallacin Madina.

Nan ne tambayar take. Alhaji ya ji falalar cin dabinon ajwa bakwai da safe a hadisin Bukhari. Ga ɗan'uwa mazaunin Makka ya yanka masa rago, ya shimfiɗa leda, ya tula shinkafa, yana cewa, "Bismillah, Alhaji, ka saki jiki." Janye hannu a nan ba raina ni'ima ba ne? Ba haramta wa kai abin da Allah Ya halatta ba ne, wanda suratul Ma'ida ta yi hani da shi?

Amsar tana cikin gidan Annabi (SAW) kansa. A ɗakin Nana Maimuna an kawo gasasshen damo, ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, Annabi ya ce masa a'a, abinci ne da ba a saba da shi ba a ƙasar mutanensa, ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. In har rashin sabo ya isa uzuri, ina ga cuta?

Akwai wanda ya fi wannan kusa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi ya shiga gidan Ummul Munzir tare da Sayyidina Aliyu, ga dumbujen dabino a rataye. Annabi ya ci, Aliyu ma ya kai hannu, sai ya dakatar da shi don bai gama murmurewa daga rashin lafiya ba. Da matar gidan ta dafa sha'ir da wani ganye, ya ce masa wannan ne ya fi dacewa da shi. Dabinon Madina ne fa, a Madina, mai hanawar kuma shi ne wanda ya faɗi falalarsa.

To ashe ba fiƙihu ne ke ɗaure Alhaji ba, kunya ce. Ita ke sa mutum ya cinye abin da zai kwana yana fitsari, don kada a ce ya yi girman kai. Alhali kalma uku ta wadatar: "Ina da suga." Ya tsinci naman, ya ci salak, ya sha laban marar sukari, ya yi wa mai gida addu'a.

Wasu kuma sukan zarce ta ɗaya gefen. Mutum ya rage sitaci wata uku, sai ya koma mai wa'azi a bakin faranti, yana kiran shinkafar mutane guba. Abu Huraira ya shaida cewa Annabi bai taɓa aibanta abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Shi kuma dabinon bai fita daga lissafi ba. Kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, bayan ɗawafi, cikin cunkoso. Wanda ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin suga, in ya haɗa wannan tafiya da ƙarancin abinci, sugansa kan faɗi: gumi, rawar jiki, duhun ido. Shi ya sa likitoci ke cewa a zo a daidaita magani kafin tafiya, a kuma riƙe wani abu mai zaƙi a jiki. Dattijon Garu kan sa ƙwara uku a aljihun bel ɗin haraminsa, kusa da katin masauki.