Shin Abu Yana Iya Gina Kansa?

Muna farawa da godiya ga Allah, Mahaliccin abin da ido ke gani da abin da ya gagari ido. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, akwai wata magana da ɗiyanmu na lakwal da jami'a suke gamuwa da ita a darasin kimiyya, inda ake ce musu abu kaza yana harhaɗa kansa da kansa. Wasu samari in sun ji haka zuciyarsu takan yi rawa, su ce to ina aikin Mahalicci? Wasu iyaye kuma sukan ce wannan karatu hanyar ɓata ce, gara yaro ya bar shi. Na farko imaninsa ke cikin haɗari, na biyu kuwa zai hana al'umma wani ilimi mai amfani. Saboda haka ya kamata mu dubi lamarin da natsuwa.

Ga abin da ake nufi. Da yawa daga ƙananan halittun nan da ake kira bakteriya suna sanye da wata riga mai kama da sulke. A shekarar 1953 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Houwink ya fara ganinta da madubi mai aiki da lantarki. An saƙa rigar da dubban ɗaruruwan ƴan gutsattsarin furotin iri guda, jere reras kamar saƙar tabarma, da ƙofofi masu faɗi ɗaya. Kaurinta yana tsakanin nanomita 5 zuwa 25, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Silin gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai.

A shekarar 1975 Uwe Sleytr, masanin da ya yi yawancin aikinsa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya nuna cewa in aka warware rigar nan da wani sinadari, sannan aka janye sinadarin, gutsattsarin sukan koma su jeru kamar da, ba tare da hannu ya taɓa su ba. Kamar dai magini ya zuba tubala a ƙasa, ya waiwayo ya tarar da katanga tsaye. Daga nan masana suka shiga amfani da ita a fasahar nan ta sarrafa abubuwa ƙanana ƙwarai: sun yi matata mai raba ƙwayoyi gwargwadon girmansu, sun jera ƙurar zinariya a kanta, suna kuma gwada ta wajen ɗaukar maganin rigakafi.

To, shin rigar ita ta gina kanta? Mu dubi gishirin Bilma. In ruwa ya ƙafe a rana, ƙwayoyin gishiri sukan fito da kusurwoyi daidai, ba wanda ya sassaƙa su. Amma ba mu taɓa jin mai hankali ya ce gishiri ya halicci kansa ba. Haka gutsattsarin nan: kowane yana da siffa da wuraren kamawa waɗanda suka dace da na ɗan'uwansa, shi ya sa suke haɗuwa ta hanya guda. Gutsuren bai zaɓi siffarsa ba, bai san akwai riga ba, bai ɗora wa ruwa da gishiri ɗabi'arsu ba. Abin da masana ke nufi da kalmar "kansa" shi ne ba hannun mutum a ciki. Iyakar ma'anarta ke nan.

Mai tambaya zai iya cewa: ai masana sun bayyana inda siffar ta fito, daga ƙwayoyin gado da canje-canjen da suka auku cikin dogon zamani. Ba mu ƙin jin wannan bayani. Malamanmu na tauhidi tun da can sun rarrabe tsakanin sababi da Mai sabbabawa. Wuta tana ƙuna, ruwa yana kashe ƙishirwa, bisa al'adar da Allah ya gudanar. Duk wanda ya gano wani sababi a bayan wani, ya ƙara mana sanin yadda al'adar take gudana ne. Tambayar wa ya kafa ta, wa yake riƙe da ita, tana nan inda take, madubi ba ya kai gare ta. Maginin da tubalansa ke jeruwa bisa umurninsa ya fi wanda ke ɗora su ɗaya bayan ɗaya gwaninta.

Sauran magana ga iyaye. Makiyayanmu sun san ciwon saifa mai kashe shanu da tumaki, wanda yakan kama mutum in ya taɓa ko ya ci naman dabbar da ta kamu. Ƙwayar wannan cuta ita ma tana da irin rigar nan. A shekarar 1993 masana a Burusal ta ƙasar Beljik suka bayyana cewa jinin raƙumi yana ɗauke da wasu ƙananan garkuwoyin jiki na daban. A 2019 wasu masana a birnin suka samo irinsu daga lama, dabbar Kudancin Amurka ƴar dangin raƙumi, suka wargaza rigar ƙwayar da su, ɓerayen da aka gwada a kansu suka tsira daga cutar. Raƙumin nan muna tare da shi kullum a kasuwannin Tawa da Damagaram, amma wasu ne suka karanta abin da Allah ya ajiye a jininsa. Neman ilimin da lafiyar jama'a ta rataya a kansa farilla ce ta kifaya: in ba wanda ya tsaya mata, laifin yana kan kowa.

Don haka muke kira ga ɗalibi kada kalma guda ta girgiza shi, ya tambayi malaminsa abin da take nufi da inda ta tsaya. Muna kira ga uba kada ya rufe wa ɗansa ko ɗiyarsa ƙofar karatu saboda tsoro, ya haɗa musu shi da karatun tauhidi tun suna ƙanana. Wanda kuma Allah ya ba wannan ilimi, ya tuna aro aka ba shi, za a tambaye shi abin da ya yi da shi.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya tabbatar da zukatanmu a kan gaskiya, ya shiryi zuriyarmu. Amin.