Mai Ɓoye Hatsi Azzalumi Ne?

Kowace shekara in damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sai mu ji ana tsine wa falken da ya sayi gero da kaka ya kulle, yana jiran tsada. Mu ma cikin wannan tsinuwa muka tashi. Amma ya kamata ku 'yan makaranta ku sani akwai masanin da ya tsaya wa falken nan.

Sunansa Adam Smith, mutumin Sikotilan. Kada ku zaci wani marar imani ne, gama aikinsa a jami'ar Gilasgo koyar da ilmin kyawawan halaye. A 1759 ya wallafa littafi a kan tausayi, kana a 1776 ya fito da babban littafinsa na arzikin ƙasashe. A ciki ya kamanta mai sayar da hatsi da shugaban jirgin ruwa, wanda ya hangi guzuri ba zai kai su gaci ba, ya rage wa kowa rabonsa tun da sauran nisa. Watau in hatsi ya yi tsada da wuri, mutane za su yi tsimi, ɗan abin da ke akwai ya kai su kaka. In kuwa aka tilasta araha, sai a cinye, yunwa ta auko gaba ɗaya. Falke ribarsa kaɗai yake nema, amma jama'a ta amfana.

Maganar nan da nauyi, mun daɗe muna juya ta. Ga inda muka rabu da shi. A jirgi kowa aka rage wa. A kasuwa fa? Attajiri bai rage ko loma ba, ɗan ƙodago ne ke yin tsimin dukan gari da cikinsa. Tsada ta raba hatsi bisa watanni daidai, amma ba ta tambayi wa zai ci ba, tambayar nan kuwa ta adalci ce, lissafi ba ya amsa ta.

Ku dubi Bengal ta ƙasar Indiya. A 1943 yunwa ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Amartya Sen, wanda ya ga abin da idonsa yana yaro, ya nuna a 1981 cewa abincin shekarar ya fi na 1941, wadda ba a yi yunwa ba. Lokacin yaƙi ne, kuɗin shinkafa ya tashi, ladan aiki bai bi shi ba. Masu ƙodago da masunta su suka fi tagayyara, shinkafa kuwa tana nan cikin ƙasar.