HAKKIN WANDA BA YA IYA KAI ƘARA



Ranar Asabar na je gonar wani kawuna a Kadawa, sai na tarar ana ta yi wa wani matashi dariya. Ɗalibin jami'a ne mai binciken tsuntsayen bakin ruwa. Ya durƙusa a kan kunya yana ƙirga ƙwan zakaran ƙeƙuwa, yana kafa kara kusa da sheƙar don kar garma ta bi ta kai. Kawu ya ce: “Malam, wai wannan ma karatu ne? Mu muna neman na tuwo, shi yana gadin ƙwai!”

Gaskiya ni ma na yi murmushi. Amma da na zauna da yaron, sai na ji kunya. Ya nuna min cewa tsuntsun nan a ƙasa yake yin ƙwai, bai fi huɗu ba, launinsu kamar na ƙasar, shi ya sa ake take su ba a sani ba. Kuma ƙwari yake ci, bai taɓa shinkafar kowa ba. Ya ce tun da aka gama Dam ɗin Tiga a 1974, ruwan da ya raya mana Kura, Bunkure da Garun Malam, shi ne ya rage ambaliyar da ke kaiwa dausayin Haɗeja da Nguru. Mun samu, wasu halittu sun rasa.

To tambayar ita ce: buƙatarmu tana share hakkin wanda ba shi da bakin kai ƙara?

Jan-baki da ke cinye amfanin gona, korarsa halal ce, don cuta kawar da ita ake yi. Amma wanda bai cuce ka ba fa? Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana ta fiffika, sai Annabi (SAW) ya umarce su su mayar mata. Ka ga ke nan damuwar tsuntsuwa ma abin lura ce.

Ba wanda ya ce kawu ya bar noma. Taku biyu kawai zai kauce na 'yan makonni, har a ƙyanƙyashe. In wannan ya gagare mu, ba talauci ba ne, ƙeƙashewar zuciya ce.

Da za mu tashi, na hangi kawu yana gyara karan da iska ta kayar. Ban ce masa komai ba.

Allah Ya sa mu tausaya, a tausaya mana.