Rabo Daban, Rabuwa Daban

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai tambayar da takan taso duk lokacin da babba ya kwanta dama, ya bar gida ko gari ko jama'a a hannun magada. Idan mutum biyu suka ja daga, kowannensu da hujjarsa, wane ne ya kamata ya fara sassautowa? Labari biyu suna amsa wannan tambaya, ɗaya daga ƙasar Sham, ɗayan daga ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta.

Na farko yana cikin littattafan Bani Isra'ila. Malamai sun yi izinin a ɗauki wa'azi daga irin waɗannan labarai muddin ba su saɓa wa Alƙur'ani ba. Inda suka saɓa kuwa, sai a bar su. Misali, littattafan nan sun jingina wa Annabi Sulaimanu karkata ga gumaka a tsufansa, alhali Alƙur'ani ya wanke shi daga kafirci a Suratul Baƙara, aya ta 102. Abin da ake nufi a nan shi ne abin da ya auku bayan rasuwarsa, wajen shekara 930 kafin haihuwar Annabi Isa.

Sun ce da ɗansa Rahbu'amu ya gaji sarauta, sai ya tafi garin Shakim, kusa da Nablus ta yanzu, don ƙabilu goma sha biyu su yi masa mubaya'a. Mutanen arewa suka zo da koke ɗaya: aikin tilas da haraji sun yi musu nauyi, a rage musu, su kuwa su bi. Sarki ya nemi kwana uku. Ya tambayi dattawan da suka zauna da mahaifinsa, suka ce ya tausasa harshe ya yi wa jama'a hidima, za su zama nasa har abada. Ya tambayi samarin da suka tashi tare da shi, suka ce ya nuna musu ƙarfi. Ya bar shawarar dattawa ya ɗauki ta tsaransa, ya gaya wa jama'a cewa nauyin da suke kuka da shi ƙara shi zai yi. Ran nan ƙabila goma suka juya masa baya. Da ya aiki shugaban aikin tilas ya dawo da su, jifansa suka yi har ya mutu. Ba a bar wa Rahbu'amu kome ba sai ƙabilar Yahuza da ta Biliyaminu, da birnin Ƙudus.

To, kada mai karatu ya ɗora laifin duka a kan sarki. Mutanen arewa sun naɗa Yurbu'amu, shi kuwa sai tsoro ya kama shi, kada jama'arsa su riƙa zuwa ibada Ƙudus zukatansu su koma can. Saboda haka ya ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ya aje ɗaya a Baitila, ɗaya a Dan, ya ce a nan za a yi bauta. Kokensa na haraji gaskiya ne, amma ya sayar da tauhidi don ya tsare gadon sarauta. Ƙarshen al'amari, Assuriyawa suka rushe daular arewa wajen shekara 722, Bukhtanassar kuma ya ƙone Ƙudus wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa.

Labari na biyu ba sai an yi nisa ba. A 1812 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya raba kulawar ƙasa tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya riƙe yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riƙe gabas. Wannan rabo ne na aiki, an yi shi da yardar juna, imami ɗaya, alƙibla ɗaya. Jarrabawa ta zo ne a 1817, da Shehu ya rasu a Sakkwato. Kafin Malam Abdullahi ya iso, jama'a sun riga sun yi wa Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Shi ne babba, shi ne wazirin Shehu, iliminsa kuwa ba mai ja. Ya juya ba tare da ya zare takobi ba, amma bai yi mubaya'a ba. Shekaru suka shuɗe zukata ba su haɗu ba.

A wannan tsakani wata ɓaraka ta faru, wadda ta shafi Jega kai tsaye. Malam Abdussalami na Gimbana, almajirin Shehu ne tun farko, harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan nasara ya ga kason da aka ba shi bai kai wahalarsa ba. Takardu suka yi ta kai da komowa tsakaninsa da Bello, waɗanda Bello ya tattara cikin littafinsa Sardul Kalam. Magana ba ta ɗinku ba, aka yi yaƙi a Kware, Abdussalami ya rasu da rauninsa a Bakura a farkon 1818. Wannan tabo ne a tarihi, yana kuma nuna cewa ko cikin mutanen kirki, koke kan rabo in ya daɗe yakan kai ga jini.

Sauran jama'arsa suka taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. A nan Bello ya yi abin da Rahbu'amu ya kasa. Bai ce sai baffansa ya yi mubaya'a tukuna ba, ya ɗauki runduna ya zo taimako. Da aka ci garin, suka haɗu bisa dawaki. Masu tarihi sun ce Bello ya yi haramar sauka don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Kowannensu ya yi rigegeniyar ƙanƙan da kai. Bayan haka ɗan Abdussalami, Buhari, ya shigo sulhu, aka karɓe shi, ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara. Kasuwar da fatake ke cika a yau ɗiyar wannan sulhu ce.

Wani zai ce, ai mai gaskiya in ya sassauto ya ba zalunci hanya. Amsa ita ce, sassautowa daban, barin gaskiya daban. Malam Abdullahi bai taɓa yin shiru kan ɓarna ba. Shi ne ya bar jama'a ya nufi Makka saboda son duniya da ya gani cikin mayaƙa, har Kanawa suka tsai da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Haƙƙin kansa ya yafe, haƙƙin Allah kuwa bai yafe ba. Yurbu'amu ya yi akasin haka, ya riƙe nasa ya zubar da na Allah.

Wannan ma'auni yana aiki a ƙaramin gida kamar yadda yake aiki a daula. Magada a Aliero kan raba fadamar albasa yadda shari'a ta tsara, su ci gaba da cin tuwo a akushi ɗaya. Wasu kuwa a Maiyama ko Jega gandunsu na nan ba a raba ba, amma wa da ƙane ba sa gaisawa, har wani ya gina masallacinsa don kada ya bi ɗan'uwansa salla. Wanda ke riƙe da gida, in na ƙasa suka kawo kuka, ya saurara, ya nemi dattawa, ya yi hattara da abokan da ke zuga shi. Wanda aka ƙwara kuma ya nemi haƙƙinsa ta hanyar alƙali da manya, kada ya mai da addini makamin fushinsa. Masu ɗori na Aliero sun sani, karayar da aka kawo da wuri takan kama, wadda aka bari ta sandare sai an sake karya ta.

Amsar tambayar ke nan: wanda ya fi tsoron Allah shi ke fara sauka daga doki, ko da shi ne babba, ko da shi ne mai mulki.

Allah Ya haɗa zukatan Musulmi a kan gaskiya, Ya jiƙan magabata. Amin.